TARIHIN HERBERT CHAPMAN, BAƘON DA YA GINA GIDAN ARSENAL

A birnin Sakkwato, kamar sauran manyan garuruwan Arewa, da wuya a sami gardamar da ta fi zafi wurin ma'abota ƙwallon ƙafa irin ta naɗin manaja, watau mutumin da a ke danƙa wa ragamar kulob, shi ne mai zaɓen 'yan wasa, shi ne mai koya musu dabara, shi ne kuma mai ɗaukan laifi ran da aka sha kashi. Ko zancen Sokoto United a ke yi a bakin filin wasa na Giginya, ko na manyan kulob ɗin Ingila a gidajen kallo, jama'a su kan rabu biyu. Waɗansu su ce a ba ɗan gida, wanda ya zub da guminsa cikin rigar kulob ɗin, gama da ɗan gari a kan ci gari, baƙo kuwa raɓa ne. Waɗansu kuma su ce a'a, a nemo gwani ko daga ina ya fito, don kuwa so ya kan hana ganin laifi, kishin gida kuma bai taɓa jefa ƙwallo cikin raga ba. Malaman makaranta da ma'aikatan ofis sun san irin wannan ja-in-ja tun ba yau ba, duk sa'ad da za a naɗa hedimasta ko babban akawu.

Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihin wani Bature, Herbert Chapman, wanda ya mutu tun cikin 1934. An naɗa shi manaja sau huɗu, sau ɗaya don shi ɗan gida ne, sau uku don gwanintarsa, bayan mutuwarsa kuma kulob ɗinsa na ƙarshe ya shekara kusan talatin yana gwada ɗaya hanyar.

ASALINSA

An haife shi ran 19 ga Janairu, 1878, a wani ƙauye da a ke kira Kiveton Park, kusa da birnin Sheffield a arewacin Ingila. Ubansa mahaƙin kwal ne, 'ya'yansa goma sha ɗaya. A irin wannan ƙauye yaro ya kan bi ubansa cikin rami tun bai gama girma ba, amma shi Herbert Allah ya ba shi kan karatu, har ya shiga kwalejin koyon sana'a ta Sheffield, ya karanta aikin injiniya na haƙar ma'adinai. Wannan karatu ya bi shi har ƙarshen ransa, gama duk abin da ya sa hannu a ciki sai ya auna shi, ya tsara shi, ya rubuta.

Wajen buga ƙwallo kuwa ba za a ce da shi gwani ba. Ɗan'uwansa Harry shi ne tauraron gidan, ya ci gasar Ingila sau biyu tare da Sheffield Wednesday, cikin 1903 da 1904. Herbert dai yawo ya yi ta yi, duk garin da aiki ya kai shi nan ya ke neman kulob. Ya buga wa Grimsby, da Swindon, da Northampton, da Sheffield United, da Notts County, da waɗansu ƙanana da ba sai an ambata ba. Cikin 1905 ya koma Tottenham Hotspur ta birnin Landan a kan fam 70. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu komo kansa.

Cikin 1907 Northampton ta shiga neman manaja, don ta yi shekara biyu a jere tana zuwa ta ƙarshe a gasar kudancin Ingila. Da fari wani abokin wasansa a Tottenham, Walter Bull, aka yi wa tayi, shi kuwa ya ƙi, ya nuna Chapman. Ba abin da Chapman ya taɓa shugabanta a fagen ƙwallo. Hujjar mutanen Northampton ɗaya ce, sun san shi, ya taɓa sa rigarsu, har ya fi kowa ci musu ƙwallo cikin kakar 1901 zuwa 1902. Ga shi nan kuwa, naɗin ɗan gida ne tsantsa, kuma ya yi kyau. A zamanin nan 'yan wasa su kan fita fili ne kowa ya yi abin da ya ga dama, ba wanda ya ke zama ya shirya yadda za a ci wasa. Chapman ya lura kulob ya kan yi ta kai hari har ya cika gaban ragar abokan gaba da jama'a, ya rasa ta inda zai bi. Sai ya koya wa mutanensa su ja da baya, su jawo abokan gaba su fito, sa'an nan su yi musu sammako ta bayan gida. Cikin 1909 Northampton ta ɗauki gasar kudu. Shi ne kuma ya ɗauko Walter Tull cikin 1911, ɗaya daga cikin baƙar fata na farko da suka buga wa manyan kulob a Ingila, wanda aka kashe a fagen yaƙi cikin 1918.

BAƘIN JINI A LEEDS, FARIN JINI A HUDDERSFIELD

Cikin 1912 Leeds City ta ɗauke shi. Ya tashe ta daga ƙasa, har cikin 1914 ta zo ta huɗu a rukuni na biyu, saura kaɗan ta haura. Sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, ya bar ƙwallo cikin 1916 ya tafi shugabancin wata masana'antar albarusai a Barnbow. Da aka gama yaƙi sai aka tuhumi Leeds City da biyan 'yan wasa kuɗi ta bayan fage a lokacin yaƙin. Hukumar ƙwallo ta ce a kawo littattafan kuɗi, shugabannin suka ƙi. Cikin Oktoba, 1919, aka kori kulob ɗin daga gasa ɗungum, aka yi gwanjon 'yan wasansa a wani otel kamar kayan wanda bashi ya ci, aka kuma hana waɗansu ma'aikatansa shiga sha'anin ƙwallo har iyakar ransu, Chapman na ciki.

Ya koma aikin kamfani a garin Selby, ƙarshen 1920 kuma aka sallame shi. Ga mutum mai shekara arba'in da biyu, da iyali, ba aiki, ga tabo a suna. Nan ne Huddersfield Town ta yi abin da 'yan kaɗan za su iya. Ba ɗansu ba ne, bai taɓa buga musu ko sau ɗaya ba, amma sun ga aikinsa a Northampton da Leeds. Suka tsaya masa ya ɗaukaka ƙara, ya nuna yana Barnbow sa'ad da aka yi abin, aka janye hukuncin. Ya fara aiki cikin Fabrairu, 1921, a matsayin mataimaki, wata guda bayan haka ya zama manaja.

Farkon abin da ya yi shi ne sayo Clem Stephenson daga Aston Villa, mutumin da shekarunsa suka haura talatin, waɗansu na ganin ya gama yayi. Chapman ba ƙafarsa ya ke so ba, kansa ya ke so. Cikin 1922 Huddersfield ta ci Kofin Ƙalubale, ta doke Preston ɗaya da nema. Cikin 1924 ta ɗauki gasar Ingila ta hanyar da har yanzu a ke labari. Ita da Cardiff kowa maki 57, sai aka raba ƙwallayen da kowa ya ci da waɗanda aka ci shi. Huddersfield ta ci 60 an ci ta 33, Cardiff ta ci 61 an ci ta 34. Malaman lissafi su gwada wa yara a kan allo, za su ga ratar ba ta kai kashi uku cikin ɗari na ƙwallo guda ba. A ranar ƙarshe ma Cardiff ta sami bugun daga kai sai gola ta ɓarar. Da shekara ta zagayo Huddersfield ta sake ɗauka, wannan karo ba gardama, ƙwallo 28 kaɗai aka jefa mata cikin wasa 42.

YADDA ARSENAL TA NEME SHI

Masu goyon bayan Arsenal na Sakkwato, waɗanda yawancinsu suka shiga sonta tun zuwan Nwankwo Kanu cikin 1999, za su yi mamaki in sun ji halin da ta ke ciki a 1925. Ma'aikatan wata masana'antar makamai ne suka kafa ta cikin 1886 a Woolwich, kudu da kogin Landan, amma ta shekara kusan arba'in ba ta taɓa cin babban kofi ko guda ba. Shugabanta, Sir Henry Norris, attajiri ne mai taurin kai. Shi ya ƙaurar da ita cikin 1913 zuwa Highbury a arewacin birnin, watau maƙwabtan Tottenham, cikin 1919 kuma ya san yadda ya yi aka zaɓi Arsenal ta hau rukunin farko, Tottenham ta faɗa na biyu. Daga nan gaba ta ƙullu tsakanin maƙwabtan nan biyu, ba ta kwance ba har yau.

Cikin 1925 Arsenal ta zo ta 20 cikin kulob 22, da ƙyar ta tsira. Norris ya sallami manajansa, Leslie Knighton, ya buga talla a jaridar wasanni yana neman wani, ya kuma gargaɗi duk wanda dabararsa ba ta wuce zuba kuɗi wajen sayen 'yan wasa ba da kada ya wahal da kansa. Akwai 'yan gida da zai iya ɗauka. Ga Joe Shaw nan, wanda ya buga wa kulob ɗin tun 1907, ya yi kyaftin, ya bi shi daga Woolwich zuwa Highbury, yana kuma kula da 'yan wasa na biyu. In biyayya ce ma'auni ba wanda ya kai shi. Amma Norris ya tsallake shi, ya ɗauko mutumin arewa, wanda bai da wata dangantaka da Arsenal, tsohon ɗan wasan Tottenham kuma, ya yanka masa albashi fam 2,000 a shekara, ninki biyu na abin da ya ke samu a Huddersfield.

A ganinmu abin da Norris ya duba a fili ya ke. Kulob ɗin da bai taɓa cin kome ba ba shi da wata al'adar cin nasara da ɗan gida zai gada. Duk wanda ya girma a ciki, abin da ya koya shi ne yadda a ke tsira da ƙyar. Dole ne ilmin ya zo daga waje.

Chapman bai yi musu alkawarin banza ba, ya gaya musu tun farko sai an yi shekara biyar. Ya fara kamar yadda ya yi a Huddersfield, ya nemo dattijon ɗan wasa mai kai, Charlie Buchan na Sunderland. Cinikin ya yi ban dariya, gama an shirya a kan fam 2,000 lakadan, da fam 100 kan kowace ƙwallo da zai ci a shekarar farko. Buchan ya ci 21, Arsenal ta ƙara fam 2,100.

A shekarar ne aka sāke dokar satar gida. Da sai akwai abokan gaba uku tsakanin mai kai hari da layin raga, sai aka mai da su biyu. Ƙwallaye suka yi ta shiga kamar ruwa, ran 3 ga Oktoba, 1925, Newcastle ta zuba wa Arsenal bakwai da nema. Buchan ya kawo shawara a jawo ɗan tsakiya ya koma baya, masu tsaron gida su zama uku maimakon biyu. Manaja mai girman kai da ya ƙi, don shawarar daga ƙasa ta zo. Chapman ya karɓa, ya ƙara nasa, ya jawo biyu daga cikin 'yan gaba biyar su cike gurbin tsakiya, 'yan gefe kuma su riƙa yankowa ciki da gudu suna neman raga da kansu. In aka zana yadda 'yan wasan su ke tsayawa sai a ga baƙaƙen W da M, da su a ke kiran tsarin, kuma ya shekara talatin yana mulkin ƙwallon Ingila. Ƙarshen kakar Arsenal ta zo ta biyu. Wa ya zo na ɗaya? Huddersfield, karo na uku a jere, da 'yan wasan da shi ya tara mata.

Cikin 1927 suka kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, ƙwallo ta suɓuce wa golansu, Cardiff ta ɗauka. Norris kansa ya faɗa hannun hukumar ƙwallo kan sha'anin kuɗi, ya bar kujera, Sir Samuel Hill-Wood ya gaje shi, ya kuwa sakar wa manaja mara. Mutumin da aka ɗauka bisa tallar ƙin kashe kuɗi sai ga shi cikin 1928 ya sayi David Jack daga Bolton a kan fam 10,890, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasa ba kafin nan, shekara mai bi kuma ya kawo Alex James daga Preston. Amma ba duka da tsada ba. Eddie Hapgood daga ƙaramin kulob na Kettering ya tsinto shi, Cliff Bastin kuwa yana ɗan shekara goma sha bakwai aka ɗauko shi daga Exeter.

Ran 26 ga Afrilu, 1930, shekara biyar ɗin nan ta cika. Arsenal ta ci kofinta na farko a Wembley, biyu da nema, kuma Huddersfield ta doka. Ranar ce kulob biyu suka fara fitowa fili kafaɗa da kafaɗa a wasan ƙarshe, don dukansu ginin mutum ɗaya ne. Cikin 1931 ta ɗauki gasar Ingila da maki 66 da ƙwallo 127, ita ce ta fara kawo wannan gasa kudancin ƙasar. Ta sake ɗauka cikin 1933. Sauran ayyukansa suna da yawa: ya gwada sa lamba a bayan riga cikin 1928, ya yi ta kiran a riƙa wasan dare da fitilu tun hukuma na ƙi, ya sa aka mai da sunan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gillespie Road ya zama Arsenal cikin 1932, jar rigar nan mai farin hannu da yara ke sawa a titunan Sakkwato kuma shi ya fito da ita cikin 1933.

BAƘO YA RENI 'YAN GIDA

Wurin da ya kamata a tsaya a duba shi ne yadda ya yi da mutanen da ya tarar. Sau da yawa baƙo in ya sami sarauta ya kan share 'yan gida ya zo da nasa. Chapman bai yi haka ba. Ya bar Joe Shaw a kan aikinsa, ya mai da shi na hannun dama, ya kuma hukunta cewa 'yan wasa na biyu da na uku su riƙa bin tsari ɗaya da na farko, don duk yaron da aka ɗauko ya san inda zai tsaya. Akwai kuma Tom Whittaker, ɗan wasan Arsenal da ya ji ciwo a gwiwa a ƙasar Ostareliya cikin 1925, wasa ya ƙare masa. Maimakon a sallame shi sai aka bar shi ya koyi aikin jiyyar targaɗe da tsoka, cikin 1927 Chapman ya naɗa shi babban mai horar da 'yan wasa, alhali bai kai shekara talatin ba. Kowane mako kuma ya kan tara 'yan wasa a zauna a tattauna dabara, kowa ya faɗi ra'ayinsa, abin da ba a saba da shi ba a lokacin.

Dattawan da suka yi aiki zamanin En'e za su tuna an yi irin wannan tunani a ƙasar nan cikin shekarun 1950, sa'ad da gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta tsaya kan mai da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa. Inda ba a sami ɗan ƙasa mai ilmin aikin ba a kan ɗauki gwani daga waje bisa ƙayyadadden lokaci, ana kuma horar da 'yan gida a makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya don su karɓa.

Mutum ne mai zafi kuma, kada a ɗauka waliyyi ne. Cikin Janairu, 1933, ƙaramin kulob na Walsall ya fid da Arsenal daga Kofin Ƙalubale, biyu da nema. Wani yaro, Tommy Black, ya yi mugun shuri ya jawo bugun daga kai sai gola, kafin mako ya zagayo an sayar da shi.

MUTUWARSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Farkon Janairu, 1934, ya tafi arewa cikin tsananin sanyi don ganin wasannin waɗansu kulob, ya komo da mura. Maimakon ya kwanta sai ya tafi kallon 'yan wasansa na uku a Guildford. Mura ta zama ciwon haƙarƙari, da asubahin ran 6 ga Janairu ajali ya cim masa, yana da shekara 55. Da la'asar ɗin ranar Arsenal ta buga da Sheffield Wednesday a Highbury, aka tashi ɗaya da ɗaya. An binne shi a Hendon, arewacin Landan.

Yanzu fa gardamar ta komo sabuwa. Wannan karo shugabannin suka juya, suka ce ɗan gida. Joe Shaw ya riƙe na wucin gadi, ya ƙarasa kakar da gasar 1934 a hannu. Sa'an nan aka naɗa George Allison, ɗan jarida, mai sharhin wasa a rediyo, ɗaya daga cikin daraktoci, wanda ya ke tare da kulob ɗin tun yana Woolwich amma bai taɓa horar da kowa ba. Allison ya san iyakarsa, ya bar fili ga Whittaker da Shaw, ya riƙe ofis da ciniki. Suka ci gasa cikin 1935 da 1938, da kofi cikin 1936. Whittaker ya gaje shi cikin 1947, ya ci gasa cikin 1948 da 1953, da kofi cikin 1950, ya mutu a kan aiki cikin 1956.

Masu cewa a ba ɗan gida su kan kafa hujja da waɗannan shekaru. Amma a lura, dukansu uku sun zauna tare da Chapman shekara takwas da rabi suna ganin hannunsa. Da wannan tsara ta wuce aka ci gaba da naɗa tsofaffin 'yan wasa, Jack Crayston cikin 1956, George Swindin cikin 1958, dukansu masu kishin Arsenal ne ba shakka, ba wanda ya ɗauko kofi. Cikin 1962 aka gaji aka leƙa waje, sai dai suna aka ɗauko maimakon gwaninta, watau Billy Wright, wanda ya buga wa Ingila sau 105 amma bai taɓa riƙe kulob ba. Shi ma ya shekara huɗu ya tafi hannu wofi. Daga 1953 har 1970 ba babban kofin da ya shiga Highbury. Wanda ya karya ƙofar kuwa, Bertie Mee, mai jiyyar 'yan wasa ne kamar Whittaker, ya kuma yi hikimar jawo ƙwararrun masu horarwa kusa da shi, ya haɗa gasa da kofi cikin 1971.

Sai cikin 1996 aka sake ganin naɗin da ya yi kama da na 1925, sa'ad da aka ɗauko Arsène Wenger, Bafaranshe, daga wani kulob a Japan, bayan ya riga ya ci gasar Faransa da Monaco cikin 1988. Ya shekara kusan ashirin da biyu, ya ci gasar Ingila sau uku. Nan gida ma an ga iri biyun: Otto Gloria na Barazil da Clemens Westerhof na Holan sun ci wa Nijeriya Kofin Afirka cikin 1980 da 1994, Stephen Keshi ya ci cikin 2013, shi kuwa tsohon kyaftin ne, amma sai da ya horar da Togo da Mali tukuna aka ba shi.

Siffar kan Chapman ta tagulla, wadda shahararren masassaƙi Jacob Epstein ya yi, ta shekara saba'in a zauren Highbury tana fuskantar duk mai shigowa. Cikin 2006 Arsenal ta ƙaura zuwa sabon filinta na Emirates, cikin 2011 kuma, sa'ad da ta cika shekara 125, aka kafa mutum-mutumi uku a harabarsa. Biyu na 'yan wasanta ne, Tony Adams da Thierry Henry, na ukun kuwa na tsohon ɗan wasan Tottenham ne daga Kiveton Park.